Sa'ad Da Murhun Gas Ya Ƙi Kamawa

A wannan wata za mu leƙa ɗakin girki, gama abin da ya faru a gidanmu kwanan baya ya isa a ba da labarinsa, ko da shi ke ba labarin yabon kai ba ne.

Ran wata Litinin da asuba muna shirin tafiya makaranta, uwargida tana yi wa auta wanka, sai ta aiki 'yarmu ta fari, mai shekara 13, ta ɗora ruwan koko. Yarinya ta murɗa makunni, murhu ya yi ƙas-ƙas-ƙas, wuta ba ta kama ba. Ta sāke, ko alama. Sai ta bar makunnin a buɗe ta tafi neman ashana. Kun dai san halin ashana, ranar da a ke nemanta ba ta inda aka ajiye ta. Kafin ta samo ta dawo an yi minti biyu ko uku. Tana ƙyastawa sai muka ji buf! Muka sheƙa a guje, muka tarar da ita tsaye tana rawar jiki, girarta ta babbake, gashin goshi ma haka, tsumman da ke kusa da murhu yana ci. Mun gode wa Allah ƙofa a buɗe ta ke, ba ta ƙone ba sai ɗan ja a bayan hannu.

Da hankalinta ya komo ta ce, "Baba, ni ban yi kome ba, ashana kaɗai na ƙyasta." Gaskiyarta kuwa. Laifin namu ne. Shekara huɗu ke nan da sayen murhun nan, muna koya wa 'ya'yan mutane lissafi kullum, amma ba mu taɓa zama ko na minti goma mu koya wa namu abin da za su yi in murhu ya ƙi kamawa ba. Da muka duba, ashe miyar kuka ce ta yi bori da daddare, aka wanke kan murhun, aka mayar da shi da ruwa a jikinsa, a karkace kuma. Ɗan abin nan ne ya kusa jawo mana babban baƙin ciki.

Tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir a 2016, itace da gawayi kuma suna ta tsada, gidaje da yawa sun koma ga gas. Mun tashi mun san halin itace da na risho, amma gas baƙo ne, yawancinmu ba mu san halinsa ba tukuna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A rufe tukuna

Kafin kome, ga doka ɗaya da ta fi dukan abin da za mu faɗa nauyi. In kun murɗa makunni kuka ƙirga biyar wuta ba ta kama ba, ku rufe. Ku jira minti ɗaya cur kafin ku sāke gwadawa. In kuwa kuna jin wari, ku buɗe ƙofa da taga, ku jira sai warin ya tafi sarai. Kada a bar makunni a buɗe a juya baya, ko da za a ɗauko ashana a kan tebur ne.

Ga dalili. Itace in ya ƙi kamawa, yana nan kwance inda aka sa shi. Gas kuwa in ya ƙi kamawa, fitowa ya ke ta yi. Gas ɗin girki ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, wajen sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, sabo da haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Gangarowa ya ke yi kamar ruwa, ya kwanta a ƙarƙashin murhu, da ƙasan tebur, da kwata. Ba ya kuwa bukatar yawa. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ƙyas ɗaya ya isa.

Duwatsun murhu uku

Ko yaro ya san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka wutar gas ta ke, abu uku ta ke bukata. Na ɗaya gas, na biyu iska, na uku tartsatsi. In wuta ta ƙi kamawa, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yi nawa. Aikinmu shi ne mu gane wanne ne, ba mu yi ta murɗa makunni muna zagin mai shago ba.

Ya kamata mu san hanyar da gas ke bi. Yana zaune a cikin tukunyar ƙarfe, watau silinda, a matse har ya zama ruwa. A bakin silinda akwai abin da masu gyara ke kira rigileta, wanda ke rage ƙarfin gas ya sake shi kaɗan-kaɗan. Daga nan ya bi tiyo zuwa murhu. In an murɗa makunni, sai ya fito ta wani ɗan bakin tagulla mai rami kamar na allura, ya ja iska ya gauraya da ita, ya hau zuwa kan murhu, ya fita ta ƙananan ramukan nan da ke kewaye a ƙarƙashin hular ƙarfe. A gefe akwai wani ɗan tsinke da farin tangaran a gindinsa. Shi ne ƙyastun murhu, shi ke ba da tartsatsi.

Gwajin ashana

Sandar ashana ɗaya za ta raba mana gardama. Bayan an rufe an jira, babu wari ko kaɗan, sai a ƙyasta ashana, a kai ta gefen kan murhu, sa'an nan a murɗa makunni a hankali. A lura da jerin nan: wuta tukuna, gas daga baya. Wuta ce ke jiran gas, ba gas ke jiran wuta ba. A kuma janye fuska, kada a sunkuya a kai.

In wuta ta kama shuɗiya ta kewaye kan murhu, to, gas da iska lafiyarsu lau, ƙyastu ne ke da ciwo. In ba ta kama ba, a rufe, sai mu bi sawun gas.

In laifin ƙyastu ne

Wannan shi ne mai sauƙi, gama ana iya girki da ashana har a gyara. A rufe silinda, a bar murhu ya huce, a ɗaga hular, a dubi ɗan tsinken nan. Sau da yawa za a tarar maiƙo ko busasshiyar miya ta lulluɓe shi, ko kuwa ruwa ya jiƙa shi. Tartsatsi ba ya tsalle a kan jiƙaƙƙen abu, sai ya sulale ta cikin ruwan ya ɓace. A goge shi da busasshen tsumma ko tsohon buroshin haƙori, a hankali, domin tangaran ɗin ba shi da wuyar tsagewa. In an wanke kan murhu, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau kafin a mayar. Da damina, ko ba a wanke ba, laima kaɗai ta kan hana shi aiki da safe.

Sa'an nan a duba zaman hular. Tana da gurbinta. In an ɗora ta daidai ba ta rawa, in an taɓa ta da yatsa ba ta gocewa. In ta karkace ko kaɗan, gas zai fita ta gefe guda, tartsatsi yana tsalle a wani gefen, ba za su gamu ba. Murhu mai kai biyu ko huɗu, hulunansa ba girmansu ɗaya ba, yara su kan musanya su wajen wanki.

A kuma kasa kunne. Akwai murhun da ke yin ƙas sau ɗaya da ƙarfi in an murɗa. Irin wannan ba ya cin batir, wani ɗan dutse ne a ciki da ke ba da lantarki in an buge shi, abin da 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano a 1880. In ya tsufa sai a sāke shi. Akwai kuma mai yin ƙas-ƙas-ƙas a jere. Wannan ko dai yana da batir a ƙarƙashinsa ko a bayansa, ko kuwa an jona shi da wutar lantarki. In ƙarar ta yi sanyi tana jan ƙafa, batir ne ya raunana. In shiru ka ke ji, a duba ko an ɗauke wuta. Mun san gidan da aka kira mai gyara daga nesa, aka biya kuɗin mota, ashe batir ɗaya ne ya mutu. Da dare a kashe fitila a duba da silinda a rufe: tartsatsi mai lafiya shuɗi ne, yana tsalle daga tsinke zuwa kan murhu. In yana fita ta gindi, tangaran ya tsage, sai sabo.

In gas ne ba ya zuwa

A nan tambaya ta fari ita ce, kai ɗaya ne ya ƙi, ko dukansu? In dukansu ne, ciwon yana wajen silinda, ko rigileta, ko tiyo. In ɗaya ne, ciwon yana jikin wannan kan.

Mu fara da dukansu. Ba abin kunya ba ne a duba ko an buɗe silinda, gama mutum ɗaya ke rufewa da dare, wani dabam ke kunnawa da safe. Sa'an nan a duba ko gas ya ƙare. Hanya mafi tabbaci ita ce sikeli. A jikin silinda, a wuya ko a mariƙi ko a gindi, a kan rubuta nauyinta in babu kome a ciki. A auna, a debe wannan, abin da ya rage shi ne gas. Yaron aji huɗu zai iya lissafin. In an saya kilo 12.5, a rubuta ranar a jikin kalanda, bayan cikawa biyu ko uku uwargida za ta san kwana nawa ya ke yi mata. In babu sikeli, a zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a gefen silinda, a shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda aka fara jin sanyi, nan gas ya tsaya.

In akwai gas, a duba zaman rigileta. Ta kan zauna rabi da rabi, musamman ranar da aka dawo daga cikawa. A rufe, a cire, a dubi ɗan zoben roba da ke bakin silinda. In ya tsage ko ya faɗi, kada a ɗaura, a nemi sabo. Waɗansu rigiletoci kuma suna da wata dabara a ciki, in gas ya kwararo da ƙarfi farat ɗaya sai su toshe kansu, don tsaro in tiyo ya tsinke. Wannan ya kan faru in an buɗe silinda alhali makunnin murhu yana buɗe. Maganinsa a rufe kome, a jira minti ɗaya, a buɗe silinda a hankali, sa'an nan murhu. Mai maɓalli a jiki sai a danna shi. Daga nan a bi tiyo da ido da hannu, ko ya lanƙwashe, ko ƙafar tebur ta danne shi, ko ɓera ya ci.

In kai ɗaya ne ya ƙi, toshewa ce. A rufe silinda, a cire hula da kan murhu, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a goge da buroshi, a bi ramukan ɗaya-ɗaya da siririyar waya. Kada a yi da tsinken sakace ko na tsintsiya, ya kan karye a ciki. A ɗaga wajen haske a ga rana ta kowane rami. A kuma leƙa bututun da ke ƙarƙashi, inda gas ke gauraya da iska, gama kyankyaso da gizo-gizo suna son wurin, zanzaro ma ya kan yi gini a ciki in an yi tafiya an bar murhu.

Sai ɗan bakin tagullar nan. In ya toshe, a zare silin waya ɗaya daga tsohuwar igiyar lantarki a zura a hankali. Kada a kuskura a sa allura ko ƙusa a buɗa ramin don wuta ta ƙara ƙarfi. An auna girman ramin nan daidai da iskar da zai ja. In an faɗaɗa shi, gas zai fi iska yawa, wuta ta yi ja, tukunya ta yi baƙi, silinda ta ƙare da wuri, ba kuwa a iya mayar da rami yadda ya ke.

Masu ƙaramar silinda ta kilo 3 ko kilo 6, wadda a ke ɗaura mata kai a bisa, ba su da tiyo, yawanci ba su da ƙyastu. Nasu abu biyu ne, toshewar ɗan ramin nan, da zoben roba. A ɗaura kan a waje, ba a cikin ɗaki ba, ba kuma kusa da wata wuta ba.

In ta kama ta mutu, ko ta yi ja

Waɗansu murhunan zamani suna da tsinke na biyu kusa da wuta. Aikinsa shi ne ya ji zafi. In bai ji ba sai ya rufe gas da kansa. Irin wannan, in an kunna sai a riƙe makunni a danne a ƙirga goma kafin a saki. In an saki da wuri wuta ta mutu, ba lalacewa ba ce. In an riƙe har yanzu tana mutuwa, a goge tsinken, in ya ƙi a kira mai gyara.

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana zaune a kan ramuka ba ta tsalle. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta tukunya, iska ce ba ta ishe ta ba. Wannan ba asarar gas kaɗai ba ce. Wutar da iska ba ta ishe ta ba tana fitar da guba marar wari, irin wadda gawayi da janareta ke kashe mutane da ita a rufaffen ɗaki. Da hunturu kada a rufe ƙofa da taga a kunna murhu don jin ɗumi.

Abin da ba namu ba ne

Wanki, da shanya, da sāke batir, da daidaita hula, duk namu ne. Amma buɗe cikin rigileta, ko makunnin da ya ƙage, ko bakin silinda mai yoyo, wannan na gwani ne. Rigiletar da ta lalace sākewa a ke yi, ba a ɗinke ta. Tiyon da ya tsage ba a naɗe shi da leda ko robar taya, ba a kuma sa tiyon ruwa a madadinsa. A sayi na gas, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Araha ba ta ado.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, in gas ya kusa ƙarewa sai a girgiza silinda, ko a kwantar da ita, ko a ajiye ta kusa da wuta. Ku bar wannan. Silinda a tsaye a ke aiki da ita, domin tururin da ke sama ne ya kamata ya fito. In an kwantar, ruwan gas ne zai bi tiyo, lita ɗaya ta ruwan nan kuwa ta kan zama kimanin lita 250 ta iska. Murhu ba zai iya da shi ba.

Yoyo kuma ba a nemansa da ashana. A kaɗa sabulu a ruwa, a shafa kumfar a bakin silinda, da rigileta, da bakin tiyo biyu. Inda kumfa ke kumbura tana ƙaruwa, nan ne. A yi haka duk ranar da aka ɗaura sabuwar cikawa, minti biyu ne kawai.

Wari aboki ne

Gas da kansa ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan a ke zuba masa don ya tona kansa. Mu malamai ba ma manta da labarin wata makaranta a New London, cikin jihar Texas ta Amurka. Ran 18 ga Maris 1937 gas ya yi yoyo ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya ji, tartsatsin wani injin lantarki ya tayar da shi, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. A cikin shekarar nan jihar ta kafa doka a riƙa sa wa gas wari, wurare da yawa suka bi sawu. Sabo da haka in hanci ya faɗa muku, ku gaskata shi.

In kun shiga kun ji wari mai ƙarfi, kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, gama shi ma yana tartsatsi a ciki. Ku rufe silinda, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da yara, ku kashe wutar gawayi in akwai a kusa. In yoyon daga silinda ne, ku fitar da ita fili, nesa da wuta da kwata. In za ku buga waya, ku buga daga waje. In kuwa wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da ƙwai, ban da man ja, ban da man goge baki.

A gidanmu, Asabar ɗin da ta biyo, muka tara yara duka a ɗakin girki. Muka cire kan murhu kowa ya riƙe ya gani, kowa ya mayar da hula a gurbinta, kowa ya koyi rufe silinda. Uwargida ta ce, "Malam, ka rubuta musu a bango kamar yadda ka ke yi a aji." Muka rubuta layi uku da manyan baƙaƙe. In ta ƙi kamawa, rufe. In ka ji wari, fita ka kira babba. Wuta tukuna, gas daga baya. Ashana kuma muka rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa, inda auta ba ya kaiwa. Girar yarinya ta fara tsirowa, ita ce ma yanzu ke yi wa ƙannenta gwajin kumfa.

Muna roƙon kowane maigida da uwargida su yi haka a makon nan, kada a jira sai an ji buf. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.